Titin Murtala Muhammad da Masu Sammakon Zuwa Kamfani

Unguwannin masana'antu uku da Kano ke tinƙaho da su, wato Challawa da Sharaɗa da Bompai, layin dogo ɗaya ne ya ɗinke su. Jirgin da ya taso daga Zariya sai ya tsallaka kogin Challawa, ya bi ta gefen Sharaɗa, sannan ya shiga tashar Kano; wanda zai zarce Nguru kuma ya fita ta gefen Bompai. Ba a yi haka da ka ba. Waɗanda suka yanka filayen nan, daga Turawan mulkin mallaka har gwamnatocin da suka gaje su, sun yi lissafin yadda gyaɗa da auduga da ƙirgi za su shigo, da yadda mai da atamfa da jemammiyar fata za su fita. Wanda aka manta da shi a lissafin shi ne mutumin da zai tsaya a gaban inji. Ina zai kwana, kuma me zai hau ya iso bakin get kafin a busa jiniya? Titi aka bar wa wannan ɗawainiya, kuma babu titin da ya sha ta kamar wanda yau ake kira Murtala Muhammad.

Ba wani tsawo ne da shi na a zo a gani ba. Ya taso daga Fagge, ya wuce gidan jaridar Triumph, ya bi ta Bata da gaban kasuwar Sabon Gari, ya ratsa 'Yankura, sannan ya miƙe gabas ta Kano Club da filin wasan golf har ya dangana da bakin Bompai da hanyar Haɗeja. Amma wanda ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe zai rantse garuruwa biyu ya ratsa. Ɓangaren yamma hayaniya ce zalla: masu tura kura, 'yan dako, masu talla, hon ta ko'ina. Da an wuce 'Yankura kaɗan sai a shiga inuwar manyan itatuwa da dogayen katangu. Wannan bambanci ya girmi duk wanda ke bin titin a yau.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba. Gabas suka fita, suka kafa bariki da ofisoshi da gidajensu a Nassarawa da Bompai. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga kaya da fasinja a 1912, sai ga ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, aka yanka musu Sabon Gari. Kwarori suka samu wuri a Fagge ta Kudu, kusa da tasha. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Tun ran gini tun ran zane ke nan: mai ba da aiki a gabas, mai neman aiki a yamma, fili a tsakani. Titin da ya haɗa su shi ne daga baya aka sa wa sunan Janar Murtala Ramat Muhammad, ɗan Kano da ya shugabanci ƙasa wata shida da 'yan kwanaki kafin a kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

Kwaɗayin auduga ne ya sa Turawa suka kawo jirgi, don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano da fatakenta suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka bar Bature da audugarsa. Nan da nan buhuna suka fi ƙarfin taragu, aka shiga jera su har suka zama dalar gyaɗar da ake danganta wa da su Alhassan Ɗantata. A wancan zamani abin ɗaukar kaya jaki ne da raƙumi da amalanke da kan ɗan dako, shi kuwa ɗan dakon ƙafarsa ce motarsa. Babu wanda ya ga abin damuwa, domin garin bai yi faɗi ba. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum wajen 130,000, kuma daga Ƙofar Mata zuwa tashar jirgi ba tafiyar da za a nemi abin hawa ba ce.

Bompai ta fara zama unguwar masana'antu a shekarun 1950, ta bunƙasa bayan samun 'yancin kai. Injinan matse man gyaɗa na cikin na farko, sai masu alewa da sabulu da turare, da masu kwanukan samira da takalman roba, da masaƙu. Masu jarin Kwarori ne da Turawa da Indiyawa da wasu 'yan kasuwa daga Hong Kong, tare da attajiran gida da suka fara tsoma hannu. Leburorin kuwa da yawansu 'yan ƙasar Hausa ne: 'yan ci-rani da suka ƙi komawa gida da damina, da gardawan da suka jingine allo suka shiga neman na kansu. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da su a farkon shekarun 1970, ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 1986, inda ya nuna yadda tarbiyyar tsangaya ta bi su har cikin kamfani, har lokacin salla ya zama abin da ake ja-in-ja a kansa da manajoji.

Su dai waɗannan mutane ba su jira kowa ya kawo musu mota ba. Suka tare a bayan katangar kamfani. Tudun Wada, Gwagwarwa, Dakata, Kawaji, duk sun cika da masu kama ɗakin haya a inda jiniya za ta iya tashin su daga barci. Unguwanni ne da suka tashi babu tsari, lunguna a matse, babu magudanar ruwa ta kirki, amma mutum na iya yin sallar asuba, ya sha koko da ƙosai, ya taka ya isa aiki. Kusancin nan ya yi rana a 1971, lokacin rigimar kuɗin Adebo. Da wasu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa wajen biyan ƙarin albashin da kwamitin Cif Simeon Adebo ya ba da shawara, leburori suka fito, suka riƙa bi kamfani-kamfani suna fito da 'yan'uwansu. Abin ya zo musu da sauƙi, tunda kamfanonin a jere suke, ƙofa na kallon ƙofa.

Wanda ke zaune a cikin birni ko Fagge shi ne mai bin titin, kuma a kan keke yake bin sa. Sai an zauna da dattawan da suka yi aiki a lokacin za a ji matsayin keken Raleigh. Ba a sayen sa da garaje. Adashi ake shiga, ko a yi ta tari wata da watanni. In ya zo, a naɗe ƙarfen da leda mai launi don kada fenti ya ƙuje, a ɗaura madubi biyu, a sa ƙararrawa da fitila mai dinamo, a yanko masa lasin a maƙala. Ran Lahadi a kifa shi, a wanke, a bi sarƙa da baƙin mai, a bi ƙafafun da tsumma har su ɗauki ido. Da safe kuma a naɗe ƙafar wando, a ɗaure kwanon abinci a kariya, a hau titi. Wanda bai da nasa akwai masu ba da haya, ana biya da awa. Kasuwar ta kai har kamfanin Raleigh ya kafa wurin harhaɗa kekuna a Bompai ɗin kanta, lebura na hawan abin da maƙwabcinsa ya ɗaura da hannunsa. A bakin kamfanoni akwai rumfar ajiye kekuna, a kowace kwana kuma ga mai faci da kwanon ruwansa da famfo.

Sai garin ya fi ƙarfin keke.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya riƙe ta har 1975, kuɗin man fetur ya shigo, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka jawo attajiran Kano cikin harkar masana'antu gadan-gadan. Bompai ta cika. Tun 1963 akwai tsarin raya birnin na shekara 20 da wani Bature mai suna Trevallion ya jagoranci rubutawa, kuma cikin wannan zamani aka juya kudu, aka yanka Sharaɗa kashi-kashi har uku, aka yanka Challawa can kusa da Panshekara a ƙasar Kumbotso. Challawa daman ba baƙuwar inji ba ce, domin tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga can ake turo wa birni ruwan famfo. Ruwan nan ne ya ja majemu, tunda jima ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa, warinta kuma ba ya barin maƙwabta su zauna lafiya. Kano ta daɗe da sanin fata. Jar fatar akuyar da Turai ta sani da sunan Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ta ratsa Sahara. Abin da ya canza shi ne yanzu manyan ganguna ne ke juya fatar da lantarki, mai kula da su kuma yana iya kwana a nisan da ya haura kilomita 10.

Nan ne Bata ta zama cibiya. Sunan kantin takalma ne na kamfanin Bata, ya bi shataletalen ya zauna. Daga nan da 'Yankura ƙananan motocin bas ke tashi zuwa kowace kusurwa: Kurna da Rijiyar Lemo, Kabuga, Birget, 'Yankaba, Sharaɗa, Panshekara. Kiya-kiya ake ce musu, daga baya Hayis ta mamaye hanya, kuma kusan dukkansu na 'yan kasuwa ne. Leburan da ke zaune a Birget in ya samu aiki a Challawa, dole ya shigo Bata ya canza mota. Na Ɗorayi da ke aiki a Bompai shi ma haka. Titin Murtala ya zama kamar mazurari, kowa sai ya bi ta wuyansa.

Lodin kansa abin kallo ne. Kwandasta na rataye a ƙofa, kuɗi a naɗe tsakanin yatsu, yana dukan jikin mota yana kiran unguwa: “Panshekara! Panshekara mutum ɗaya!” Mutum ɗayan nan ba ya ƙarewa. Kujerar mutum uku a zauna huɗu, a ƙara wasu a bayan direba inda zafin inji ke gasa ƙafa. “Malam, ɗan gyara wa Baba.” “Yaro, ina zan gyara? A kanka zan zauna?” Ɗan kamasho ya karɓi nasa, a tura motar in batir ya ƙi, a ɗauki hanya. Babu tsayayyen wurin tsayawa, babu lokacin tashi sai ta cika. Mai sauka ya ce “akwai”, kwandasta ya daki ƙofa, direba ya taka birki ko a tsakiyar titi ne. Mai aikin safe ya san in bai fito da duku-duku ba zai tarar an rufe get, a yanke masa kuɗin yini. Wasu manyan kamfanoni sun sayi bas na ma'aikata, wasu a buɗaɗɗiyar mota suke kwasar su a tsaitsaye, amma leburan wucin gadi, wanda ake ɗauka yau a sallama gobe, shi ta kansa yake yi.

Kuɗin ƙarin albashi na Udoji da aka biya a 1975, haɗe da ariyas, ya zuba babura a titi. Akawu da helima suka sayi Honda da Yamaha da Vespa, keke ya koma na masu ƙaramin ƙarfi. Babur a lokacin abin ado ne, na zuwa ofis da zuwa zance, ba a kawo zai zama sana'a ba. A ƙarshen shekarun 1970 ɗin ma gwamnatin tarayya da kamfanin Fiat na Italiya suka kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci da taraktoci a hanyar Zariya. Kano na ganin ta kama hanyar ƙera abin hawanta da kanta.

A 1986 lissafi ya ɓaci. Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi: kayan gyaran inji, sinadaran rini, taya, batir. Mai bas ya kasa sayen sabuwa, ya koma lallaɓa tsohuwa da waya da walda, daga baya ya koma ga 'yar Kwatano. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a a 1988, jihohi suka samu motoci, amma Kano Line da kowa ya sani ta fi ƙarfi a zirga-zirga tsakanin garuruwa, ba tsakanin Bata da Sharaɗa ba. Su kuma kamfanoni wutar lantarki ta riƙa yi musu wasan ɓuya, baƙin man da ake hura tukunyar inji da shi ya yi tsada, sannan aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ba a daɗe ba atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da babu masaƙar Bompai ko Sharaɗa da za ta iya karawa da shi. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa garƙame ƙofofi. Wasu gine-ginen suka koma sito na ajiye kayan waje, irin kayan da a da a cikinsu ake yi.

Ma'aikacin da aka sallama ya karɓi ɗan kuɗin sallamarsa, ya duba gabas da yamma, ya sayi babur. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya karɓi na wani yana kawo balas kowace yamma. A da abin hawa ke kai mutum wurin aiki; yanzu abin hawan ne aikin. Acaɓa ta haɗiye ma'aikatan masaƙa da makanikai da masu gadi, ta haɗa da samarin ƙauye da suka shigo ci-rani suka tarar babu kamfanin da ke ɗauka. Da baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka shigo, sai abin ya wuce a ƙirga.

In za a faɗi gaskiya, acaɓa ta yi abin da bas bai taɓa yi ba. Titunan cikin Sharaɗa da Challawa tireloli da tankoki sun farfasa su, da damina ruwa ya kwanta, wani lokaci ma ruwan mai launi ne daga magudanun kamfanoni. Bas a bakin babban titi yake sauke mutum, ya ƙarasa da ƙafa. Ɗan acaɓa kuwa har bakin get. Wanda ya tashi aiki da tsakar dare ma ba ya rasa mai kai shi gida. Amma ta zo da nata: hayaƙin da ke turnuƙe Bata da magariba har ido na yaji, da karayar da ake kwasa zuwa asibitin ƙashi na Dala da gidajen masu ɗori.

Babur mai ƙafa uku ta wata ƙofa daban ya shigo Kano. A Legas an san shi tun zamanin Buba Marwa, gwamnatin Obasanjo kuma ta raba shi a shirinta na yaƙi da talauci. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta kawo ɗaruruwa a 2005, lokacin da Hisba ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, don su samu abin hawa mai sutura. Aka laƙaba masa sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, A Daidaita Sahu, ya kuma bi shi har yau. Ya yi shekaru a gefe, abin hawan mata da yara da masu kaya, acaɓa na cin kasuwarta.

Ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, 'yan Boko Haram suka kai hare-hare wurare da dama a Kano, ciki har da hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai; waɗanda suka rasu sun haura 180. Aka sa dokar hana fita, aka toshe tituna da ganguna da buhunan yashi, aka riƙa sa mai babur ya sauka ya tura in ya zo shingen bincike. Ma'aikatan Bompai na cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa, domin hanyar aikinsu ce aka datse. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Janairu, 2013, aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta. Sarki ya tsira, amma direbansa da wasu dogarai sun rasu. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta ɗaukar fasinja a babur. Dare ɗaya sana'ar dubban mutane ta tsaya, adaidaita sahu ya gaji titi.

Motocin Bata ba su iya karawa da shi ba. Fasinja ya gane ba sai ya zauna jiran mutum goma sha ba, in kuma ya yi shata za a kai shi har ƙofar gida. Sannu a hankali Hayis ta ja baya zuwa dogayen hanyoyi na bayan gari, titin Murtala ya koma rawaya daga Triumph har 'Yankura. Baburan ƙirar Indiya ne kusan duka, Bajaj da TVS da Piaggio. Sau da yawa mai shi ba shi ne matuƙi ba. Ɗan kasuwa ne, ko ma'aikacin gwamnati, ko wata Hajiya a cikin gida da ta saya ta bayar, ko dai a kawo balas kullum, ko a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama na direba, in injin bai riga ya gaji ba. Matuƙi na fita da bashi a wuya tun kafin ya ɗauki fasinjan farko: ga balas, ga mai, ga tikiti, ga kuɗin ƙungiya. Shi ya sa yake jera uku a baya ya ƙara ɗaya ko biyu a gefensa, shi ya sa kuma yake yanko hanya babu sigina da zarar ya hango hannu a ɗage. Mutanen gari na zagin sa, kuma da gaskiyarsu, amma aljihunsa ne ke riƙe da kan babur ɗin.

Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA da aka kafa a 2012 ita aka ɗora wa saita su, zaman kuwa bai taɓa daɗi ba. A Fabrairun 2021 matuƙa suka ajiye aiki kan harajin naira 100 na kullum. A Janairun 2022 suka sake, kan kuɗin sabunta rajista. 'Yan kwanaki kawai aka yi kowane karo, amma sun isa a ga abin da garin ya jingina da shi. Mutane suka cika titi a ƙafa, a-kori-kura ta koma ɗaukar fasinja, har Jami'ar Bayero ta ɗage jarrabawa a ɗaya daga ciki. A Yulin 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro, lokacin da ya faɗa daidai kan masu aikin kwana a kamfanoni. A ƙarshen Nuwambar shekarar kuma gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da hana su bin wasu manyan tituna, ciki har da hanyar da ta tashi daga titin Ahmadu Bello zuwa Gezawa, ta ce ta tanadi bas 100 da tasi 50 su maye gurbi. Ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Bas 100 ba za su ɗauki babban birnin jihar da ta haura mutum miliyan 9 tun ƙidayar 2006 ba.

Inda gwamnatoci suka fi zuba kuɗi shi ne siminti. Kwankwaso ya fara doguwar gadar sama a kan titin Murtala, wadda ta haye Bata da gaban kasuwa, Ganduje ya ƙarasa ta. An yi gadar Ƙofar Nassarawa, an haƙa ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga da mahaɗar hanyar Panshekara, an yi mai hawa-hawa a Dangi. Ba za a ce ba su yi amfani ba; mai motar da ya fito daga Bompai yana haye kasuwar gaba ɗaya cikin 'yan mintoci ya sauka a Fagge. Sai dai fasinja a ƙasa yake. Ba a hawa adaidaita a kan gada, ba a sauka a kanta, don haka cunkoson na nan a ƙarƙashi, ya ma samu inuwa, 'yan tebur sun ƙara matsowa. A 2016 an sa hannu da wani kamfanin Sin kan jirgin ƙasa na cikin gari na dala biliyan 1.85. Har yau babu wanda ya hau shi.

Masu cewa unguwannin uku sun mutu sun wuce gona da iri. Majemu na aiki a Challawa da Sharaɗa, akwai masu robobi da tabarmi da takalma da lemon kwalba, ga injinan casar shinkafa da suka yawaita bayan rufe iyakoki a 2019. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, maƙwabciyar Challawa, don kwantena ta riƙa zuwa har gida. Mata ma sun shigo aikin kamfani, musamman wuraren tsince roba da shirya kaya, kuma da sassafe ana ganin su a bakin hanyar Panshekara, uku-uku ko huɗu-huɗu, sun haɗa kuɗi suna ciniki da mai adaidaita.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta ninka haka, kuɗin adaidaita ya bi ta. Leburan da ake biya a kullum ko a mako, wanda zai hau sau biyu kafin ya isa Challawa ya kuma hau sau biyu ya dawo, sai ya ga kusan mai babur yake yi wa aiki. Wasu suka koma neman ɗaki a Panshekara da Zawaciki da Ja'en, kusa da get, yadda iyayensu suka yi a Dakata. Wasu na taka rabin hanya su hau rabi. Cikin matuƙa akwai masu mayar da injinsu mai amfani da gas, an kuma fara ganin masu aiki da batir jefi-jefi. Masu faci da gyaran keke kasuwarsu ta dawo, sai dai kekunan da ake kawo musu yanzu na Sin ne da Indiya, da na gwanjo da ake saukewa daga kwantena.